Nauyin da Aka Ɗora wa “Janye”: Tsokaci a kan Fassarar Kalmar “Withdraw” Zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba sauraren labarai da Hausa, ko karanta jaridun Hausa, ya san da wuya rana ta fito ta faɗi bai ji an janye wani abu ba. An janye sojoji, an janye tallafin mai, an janye yajin aiki, an janye ƙara, ɗan takara ya janye, minista ya janye kalamansa. A mafi yawan waɗannan wurare kalmar Ingilishi guda ce ke laɓe a bayan labarin, wato “withdraw”, ko kuwa ƙanwarta “retract”, domin da Ingilishi ake rubuta labarin tun farko kafin a miƙa wa mai fassara. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna daidaiton da aka ƙulla tsakanin kalmomin nan, ta ga inda ya zauna daram da inda yake ɗingishi. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa “janye” ta dace da wani kashi na ma'anonin kalmar Ingilishin, amma sauƙin da masu fassara suka samu a kanta ya sa ta danne wasu kalmomi da Hausa ke bambance al'amura da su. A wasu wurare wannan dannewa ba ta wuce rage wa zance armashi ba. A gaban alƙali kuwa tana iya shafar makomar mutum.

Misalan Hausar baka da za a kawo irin maganar yau da kullum ce ta unguwar Dogo Tebo da ke cikin garin Potiskum a Jihar Yobe, kuma da gangan aka zaɓi wurin. Potiskum gari ne na Ngizimawa da Karekare da Bolewa da Fulani, da kuma Hausawa da Barebari, amma Hausa ce harshen kasuwa da tasha da asibiti. Ko ƙamusoshin harsunan Yobe da Russell Schuh da Alhaji Maina Gimba da abokan aikinsu suka fitar a 2004, irin su na Bolanci da Ngizimanci, Hausa suka sa kusa da Ingilishi a matsayin harshen bayani, saboda ita ce gadar da kowa ke bi. A irin wannan wuri, inda mutane da yawa ke da wani harshen a cikin gida, Hausar rediyo tana da kwarjinin da ba ta da shi a cikin ganuwar Kano. Abin da aka ji daga bakin mai karanta labarai shi ake ɗauka a matsayin daidaitacciyar Hausa. Saboda haka idan wata kalmar fassara ta yi rinjaye, a nan ya kamata a fara ganin sawunta. Abin ban sha'awa shi ne, a wasu fannoni ta samu shiga, a wasu kuwa bakin jama'a ya ƙi ta ƙememe.

2.0 Tushen Kalmomin

Kalmar “withdraw” ta bayyana a Ingilishi tun ƙarni na 13, kuma ɓangare biyu gare ta. Na biyun, “draw”, shi ne “ja”. Na farkon kuwa, “with”, ba ya ɗauke da ma'anar “tare da” da ɗalibai suka sani a yau. Tsohuwar ma'anarsa ce ta “baya” ko “kishiyantar abu”, wadda ta saura a cikin kalmomi irin su “withhold” da “withstand”. Ke nan ma'anar asali ita ce a ja abu baya, ya komo inda ya fito. Ita kuma “retract” daga Latin aka aro ta, kuma ƙirarta iri ɗaya ce: ɗafi mai nufin baya, da saiwa mai nufin ja. Ingilishi ya raba musu aiki, ko da yake rabon ba cikakke ba ne. Ta farkon ta fi tafiya da sojoji da kuɗi da ƙara da takara, ta biyun kuwa ta fi zama a kan magana da rubutu da iƙirari.

A ɓangaren Hausa, “janye” daga “ja” ta fito, kamar yadda “shanye” ta fito daga “sha”, “cinye” kuma daga “ci”. A rabon azuzuwan aikatau bakwai na Parsons (1960), aji na huɗu take. Newman (2000) da Jaggar (2001) sun nuna cewa wannan aji yana ɗauke da ma'ana iri biyu: aikata abu baki ɗaya har ya ƙare, da kuma raba abu da wurinsa ko da mai shi. A dubi waɗannan misalai:

(1) Ruwan da ya cika layin ya janye.
(2) Zo ka janye akuyarka daga bakin rumfata.
(3) Tun da aka yi masa maganar bashin ya janye jiki.
(4) Kogi ya janye masa saniya.

A dukkansu abu ya bar wurin da yake, amma babu jimlar da ta faɗi inda ya nufa. A (4) ma nesa da mai shi ya tafi, ba kuma zai dawo ba. Idan Bahaushe yana son ya nuna cewa abin ya komo wajen mai magana, aji na shida yake ɗauka, ya ce “jawo” ko “janyo”, “karɓo”, “ciro”, “ɗauko”, ko kuwa ya yi amfani da “mayar da” da “dawo da”. Wato ma'anar “baya” da ke manne a jikin kalmar Ingilishin ba ta cikin “janye”. Wani aji daban ne ke riƙe da ita. Kamannin da ke tsakanin kalmomin biyu, cewa kowacce a kan “ja” aka gina ta, shi ne tarkon da mai fassara ke faɗawa, domin yakan ga kamar ya sami tagwaye alhali 'yan uba ne.

Ba za a ɗora wa ƙamus laifin duka ba. Ɓangaren Ingilishi zuwa Hausa na ƙamusun Bargery (1934) jagora ne kawai zuwa ga babban ɓangaren Hausa. Ƙamusun Skinner (1965) don 'yan makaranta aka shirya shi. Na Roxana Ma Newman (1990) kuwa tsarinsa shi ne ya rarraba ma'anonin kalma ɗaya bayan ɗaya, ya kawo jimlolin misali. Amma mai fassara a ɗakin labarai, wanda aka miƙa wa takarda saura 'yan mintoci a buɗe masa makirufo, ba ya bin ma'anoni ɗaya bayan ɗaya. Kalmar da ta fara zuwa bakinsa ita yake ɗauka, kuma wadda ta fara zuwa ita ce wadda ya ji jiya. Ta haka ake gadon kalma a wannan sana'a tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, da Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, har zuwa shafukan intanet na yau.

3.0 Kuɗi, Sojoji da Takara

Canjin kuɗin da aka yi a Nijeriya a ƙarshen 2022 ya ba da kyakkyawar dama ta gwada kalmar. A ranar 26 ga Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, ya sa ranar 31 ga Janairu 2023 a matsayin wa'adin daina karɓar tsofaffin, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan maganar a ranar 3 ga Maris 2023. A watan Disamba 2022 kuma bankin ya ƙayyade yawan tsabar kuɗin da mutum zai iya ɗauka daga asusunsa a mako, da farko naira 100,000, sannan aka ɗaga zuwa 500,000. Ingilishi da kalma ɗaya ya ambaci ayyukan nan biyu: fitar da tsofaffin takardu daga hannun jama'a, da ɗaukar mutum kuɗinsa daga banki. Hausa ta raba su. A na farkon “janye tsofaffin kuɗi” ta zauna daidai, domin hukuma ce ta raba abu da wurinsa baki ɗaya. A na biyun kuwa ga abin da ake ji a bakin mutane:

(5) Zan je wurin mai POS in ciro dubu goma.
(6) An cire mini ɗari biyar, ban san dalili ba.
(7) Sun janye masa kuɗin asusunsa kaf.

Babu wanda ya koya wa mutanen Dogo Tebo azuzuwan Parsons, amma ga su suna aiki da su ba kuskure. A (5) kuɗin ya zo hannun mai shi, shi ya sa aka ce “ciro”. A (6) kuɗin ya bar asusu bai zo hannunsa ba, sai aka ce “cire mini”. A (7) kuwa duk wanda ya ji ya san 'yan damfara ake nufi. A garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma, inda ciniki ya saba tafiya da tsabar kuɗi hannu da hannu, dillalin da aka ce masa wane ya janye kuɗinsa ba zai fahimci cewa banki ya je ba. Zai ɗauka ya fasa cinikin ne, ko ya fita daga haɗin gwiwar. A nan bakin jama'a ya fi alƙalamin wasu masu fassara hikima, kuma abin yabawa ne cewa yawancin kafofin labarai sun bi jama'a suka ce “cire kuɗi”.

Maganar sojoji ba ta buƙatar dogon bayani. Da Faransa ta kwashe ragowar dakarunta daga Nijar a watan Disamba 2023, Amurka kuma ta kammala nata a watan Satumba 2024, “janye” ta faɗi abin da ya faru ba ragi ba ƙari. Haka nan da Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar barin ƙungiyar ECOWAS a ranar 28 ga Janairu 2024, Ingilishi ya yi amfani da kalmarsa ta kullum, amma editocin Hausa suka ce “ficewa”. Sun yi daidai. Ƙasa ba ta jan komai a nan. Ƙofa ta kama ta fita.

A fagen takara ma Hausa ta ci riba, domin ta samar da “janye wa”. Da Aminu Waziri Tambuwal ya sauka daga neman takarar shugaban ƙasa a zaɓen fitar da gwani na PDP a Abuja ranar 28 ga Mayu 2022, ya nemi magoya bayansa su zaɓi Atiku Abubakar, kalma ɗaya da ɗan harafin “wa” suka isar da labarin duka, har da wanda ya amfana. Sai dai Dokar Zaɓe ta 2022, a sashe na 31, ta gindaya wa janyewar ɗan takarar da jam'iyya ta riga ta tsayar wasu sharuɗɗa: a rubuce, da sa hannunsa, shi da kansa ya miƙa wa jam'iyya, ita kuma ta sanar da hukumar zaɓe aƙalla kwana 90 kafin zaɓe. Mutanen Yobe sun ga muhimmancin wannan a rikicin takarar sanatan Yobe ta Arewa na 2022, inda Bashir Sheriff Machina ya dage cewa bai janye ba kuma ba zai janye ba, har shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta ba Ahmad Lawan nasara a watan Fabrairu 2023. A majalisar shayi “ya janye” na iya nufin ya yi sanyi ko ya daina fitowa. A doka takarda ce mai sa hannu.

4.0 Inda Kalmar ta Wuce Gona da Iri

Babbar alamar da ke nuna cewa kalma ta zama sandar dogarawar mai fassara ita ce a gan ta a wurin da uwar ɗakinta ta Ingilishi ba ta je ba. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu 2022, ta koma aiki bayan sanarwar 14 ga Oktoba, wata takwas ke nan. Kalmar da ƙungiyar ta zaɓa a sanarwarta ita ce “suspend”, wato dakatarwa, kuma duk wanda ya san harshen ƙungiyoyin ƙwadago ya san ba da wasa ake zaɓen wannan kalma ba: ana nufin an jingine makami ne, ba a mayar da shi kube ba. Amma kanun labaran Hausa da dama suka ce an janye yajin aiki. Uban da ya ji haka ya sa ɗansa a mota zuwa Maiduguri ko Zariya da tunanin magana ta ƙare, alhali abin da aka faɗa bai kai nan ba. Masu karanta wannan mujalla, da yawansu 'yan ƙungiyar ne, sun fi kowa sanin tazarar da ke tsakanin biyun.

Akwai kuma wani abin lura game da “yajin aiki” kansa. Daga yajin matar aure aka ƙirƙiro shi, kuma ƙirƙira ce mai kyau ƙwarai, domin ta kama ruhin abin: mai haƙƙi ya yi fushi ya bar wurin, yana jiran a biyo shi. To amma matar da ta yi yaji ba ta janye yaji. Biko ake yi, a yi sulhu, ta koma ɗakinta. Da an bi siffantawar har ƙarshenta, da an ce gwamnati ta yi biko, malamai sun koma bakin aiki, kuma da mai sauraro ya fahimci wanda ya sauko da wanda aka lallasa. An ɗauki rabin hoton daga gidan Bahaushe, aka cika rabin da kayan aro.

Haka abin yake a “janye tallafin mai”, a Janairu 2012 da kuma 29 ga Mayu 2023, inda Ingilishi ya fi amfani da “removal”. Da “janye takunkumi”, kamar wanda ECOWAS ta cire wa Nijar a watan Fabrairu 2024, inda ya ce “lift”. Waɗannan ba su ɓata ma'ana ba, tun da akwai raba abu da wurinsa a cikinsu. Wanda ya fi haɗari shi ne na dokar hana fita. Potiskum ta sha zama a ƙarƙashin wannan doka a shekarun rikicin Boko Haram, musamman bayan dokar ta-ɓaci da aka kafa a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayu 2013. Ga mazaunin Dogo Tebo a wancan lokaci, bambanci tsakanin “an sassauta” da “an janye” shi ne bambanci tsakanin ya kwana a gida da ya ci karo da jami'an tsaro a kan hanya. “Ɗage” ma ba ta tsira ba, domin tana nufin cirewa, tana kuma nufin jinkirtawa, kamar a “an ɗage zaɓe”.

5.0 Magana, Kyauta da Ciniki

Hausawa na cewa magana zarar bunu ce. A lura da alƙiblar hoton. A tunanin Bature magana fita take yi daga mai ita, sai ya ja ta baya idan ya yi nadama. A tunanin Bahaushe furtawar ita ce jan, domin an zare bunu daga jinka, kuma abin da ya gagara shi ne mayarwa. Al'ummar da ke kallon magana haka ba za ta sami kalma mai sanyi ta komawa daga zance ba. Kalmomin da take da su duk suna ɗauke da hukunci:

(8) Jiya ya rantse, yau ya yi amai ya lashe.
(9) Da ya ga idon mutane sai ya musanta.
(10) Ya ƙaryata kansa a gaban dattawa, ya ba da haƙuri.

A (8) akwai zargi da ƙyama. A (9) mutumin cewa ya yi bai faɗa ba. A (10) ya amsa ya faɗa, ya kuma amsa ƙarya ce. Yana da wuya a raba karin maganar lashe amai da hadisin nan da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda ya kamanta mai karɓe kyautarsa da kare mai komawa ga amansa. Ko daga can aka samo shi ko kuwa haɗuwa aka yi, koyarwar addini ta ƙara masa kaifi.

A nan ya zama wajibi a yi wa “janye” adalci. Rayuwar majalisa da ta jarida ta zo da buƙatar da ba a da ita a da: ɗan majalisa ya furta kalmar da ta saɓa ƙa'idar zaure, shugaba ya umarce shi ya koma daga kanta, ya yi hakan cikin daƙiƙa guda ba tare da ya tuba ko ya ƙaryata kansa ba, a ci gaba da muhawara. Babu ɗaya daga cikin (8) zuwa (10) da zai yi wannan aiki. “Na janye kalamaina” ta cike wannan giɓi, ta kuma zauna a harshen har yara na faɗa wa juna “janye maganarka” a filin ƙwallo. Mai ra'ayin tsarkake harshe da zai ce a kore ta ya makara, kuma ba shi da abin da zai ba mu a madadinta.

Inda ba a buƙatarta shi ne inda Hausa ta riga ta cika rumbunta, wato mu'amala:

(11) Ya fasa sayen, a mayar masa da kafin alƙalaminsa.
(12) Iyayen sun warware baikon.
(13) Ya yi kome kafin ta gama idda.

“Fasa” na abin da ba a riga an yi ba ne. “Warware” na abin da aka ƙulla ne. “Kome” na miji ne da ya mayar da matarsa cikin iddar sakin da bai yanke igiya duka ba. Bayan waɗannan akwai kalmomin zaure da almajiran Risala suka sani: “iƙala”, wato mai saye da mai sayarwa su yarda su warware ciniki, da “i'itisari”, wato uba ya karɓe kyautar da ya yi wa ɗansa bisa sharuɗɗan da Malikiyya suka gindaya, alhali sadaka ba a komawa cikinta. Kowace daga cikin kalmomin nan tana faɗin wanda ke da ikon komawa, da lokacin da ikon ke ƙarewa. Idan aka shafe su duka da “janye”, wannan bayani ne ke salwanta.

6.0 A Gaban Alƙali

Jihar Yobe na cikin jihohi 12 na Arewa da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci daga 1999 zuwa 2001. Ke nan mutumin Potiskum yana iya samun kansa a kotun shari'a, inda Hausa ce harshen zama, ko a kotun majistare ko babbar kotu, inda ake rubuta bayanai da Ingilishi, a kuma yi masa tafinta kamar yadda sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi haƙƙi. A kotunan nan biyu ana maganar “janye iƙirari”, amma abin da ake nufi ba ɗaya ba ne.

A fiƙihun Malikiyya, wanda ya yi iƙirarin laifin haddi yana da damar ya koma daga iƙirarinsa, abin da malamai ke kira ruju'i, kuma komawar tana kawar da haddin. Ba sai ya ce bai faɗa ba. Ya faɗa, ya kuma koma. Amma wannan dama ba ta shafi haƙƙin mutane ba: wanda ya amsa bashi ba zai koma ba, wanda kuma ya amsa sata ya koma, haddi ya faɗi amma biyan dukiyar yana nan a wuyansa. Shari'ar Amina Lawal ta nuna nauyin wannan ƙa'ida. Kotun shari'a ta Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa a watan Maris 2002, babbar kotun shari'a ta Funtua ta tabbatar a watan Agusta na shekarar ba tare da ta karɓi komawarta daga iƙirarin ba, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina ta soke hukuncin a ranar 25 ga Satumba 2003, da rinjayen alƙalai huɗu a kan ɗaya. Cikin dalilan da kotun ta dogara da su akwai cewa tana da haƙƙin komawa daga iƙirarinta. Da Hausa aka gudanar da waɗannan shari'o'i, kuma Philip Ostien ya buga fassarar bayanansu, tare da na shari'ar Safiyatu Hussaini ta Sakkwato, a cikin kundinsa na 2007. Manazarcin fassara da ke neman fagen aiki zai sami abin yi a can.

A kotunan da suka gaji dokar Ingila kuwa, abin da lauyoyi ke kira “retracted confession” ya sha bamban. Galibi wanda ake tuhuma cewa yake yi bai yi wannan bayani ba sam, ko sa hannun da ke jikin takardar ba nasa ba ne. Wannan ba ya hana kotu karɓar takardar a matsayin shaida. Alƙali zai auna ta da sauran hujjoji, kuma yana iya yanke hukunci a kanta idan ya gamsu. Idan kuwa cewa ya yi ya faɗa amma dukansa aka yi ko tsoratar da shi aka yi, wannan wata ƙofa ce daban a ƙarƙashin sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011: wajibi ne masu gabatar da ƙara su tabbatar ba ta hanyar tilas aka sami bayanin ba, in sun kasa a yi watsi da shi. Ashe maganganu uku ne:

(14) Ban faɗa ba.
(15) Na faɗa, amma dole aka yi mini.
(16) Na faɗa, kuma na koma daga maganata.

Jimla ta (16) tana iya kuɓutar da mutum a kotun shari'a, amma a babbar kotu kusan ƙara ɗaure kansa ya yi, tun da ya amsa cewa bakinsa ne ya furta. Jimla ta (15) ita ce mai ƙarfi a babbar kotu. Tafintan da ya ji kowace daga cikin ukun ya juya wa alƙali da kalma ɗaya, ko ya juya wa wanda ake tuhuma tambayar lauya da cewa “ka janye bayaninka?”, ya rufe ƙofofi biyu ya bar ɗaya, kuma ba lallai ba ne wadda ya bari ta zama wadda mutumin ke buƙata. Abin ya fi tsanani idan wanda ke tsaye a gaban kotun Bangizime ne ko Bakarkare daga ƙauye, wanda Hausar ma harshensa na biyu ce, domin zai ce “e” ga kalmar da ya saba ji a rediyo yana zaton ya san abin da ta ƙunsa.

“Janye ƙara” ma haka take. Idan Babban Lauyan Gwamnati ya yi amfani da ikon da sashe na 174 ko na 211 na Tsarin Mulki ya ba shi ya dakatar da tuhuma, wanda ake tuhuma sallamarsa ake yi, ba wanke shi aka yi ba, kuma ana iya sake gurfanar da shi a kan laifin. Dangin da suka ji an janye ƙara suka yanka rago sun yi murna da wuri. A shari'ar haƙƙi kuma, matar da dattawan unguwa suka taru suka ba haƙuri ta ce “na janye”, wataƙila nufinta ta jingine maganar ta ga ko za a cika alkawarin da aka yi mata, wataƙila kuma nufinta “na yafe”, wanda ke kashe haƙƙin har abada. Alƙalan kotunan shari'a da suka ƙware sukan tsaya su tambaya: kin yafe ne, ko kin dakata ne? Magatakardan kotu ya kamata ya rubuta amsar da lafazin mai ita, ko da jimlar ta yi tsawo, maimakon ya taƙaita ta da kalmar da ta fi saurin zuwa bakin alƙalaminsa.